Makarantar da ke Bayan Shinge

A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin 'yan kasuwar Kano ba su yi yawa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ba, muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, ɗaki biyu da ɗan falo. Baba yana sayen yadi da takalma yana aikawa gida. Ni ban kai shekara goma ba, kuma ba na zuwa makaranta. Ta gwamnati sun ce ba mu da takardun da ake nema, ta Turawa kuma ta fi ƙarfin Baba. A bakin taga nake wuni, ina kallon jirage suna wucewa dab da rufin gidaje za su sauka filin jirgi na Baiyun.

Da sanyi ya shigo aka kawo kakata, mahaifiyar Baba, domin a yi mata aikin ido. Inna muke ce mata. Sanyin garin mai laima ne, har cikin ƙashi yake shiga. Ba murhu ba itace, sai wata ƙaramar hita mai jan ƙarfe da Baba ya sayo. Da an idar da Magariba Inna za ta jawo ta gabanta, ta miƙa tafukan hannu kamar mai jin garwashi, ni kuma in kwanta a cinyarta. Nan take ba ni labarin kura da zomo, tana sauya murya, Umma tana daga kicin tana dariya.

A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwar Basiniya da yara ke kira Apo Lam. 'Yar coci ce. Ita da wasu mata na cocinsu sun kama wani ɗaki a lungu suna koyar da 'ya'yan leburorin da suka zo daga ƙauye, waɗanda su ma babu makarantar da ke karɓarsu. Wata rana ta tare Umma a matattakala, ta nuna ni, ta kwatanta rubutu a tafin hannunta. Umma ta gane, ta faɗa wa Baba da ya dawo.

Baba ya ajiye cokali ya ce, “'Yata a makarantar coci? In shiga masallacin Juma'a da wane ido? Gara ta zauna a gida.”

Inna tana zaune da bandeji a ido ɗaya, tana jinsu. Sai washegari da yamma, da na kwanta a cinyarta ina jiran kura, ta ce, “Yau ba tatsuniya. Abin da ya faru zan faɗa.” Ta juya wajen da Baba yake ninke yadi. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. “Kai ma Alhaji, ajiye wannan ka saurara.”

Ta ce iyayenta kutare ne. Ban taɓa jin haka ba, kuma na ga yadda hannun Baba ya tsaya cak a kan yadin. An kore su daga ƙauyensu, suka kama hanya da ita da ƙanenta Audu, har suka isa wani sansani a bayan gari inda 'yan mishan ke ba masu cutar magani. A can aka karɓi iyayen. Yara kuwa, waɗanda cutar ba ta taɓa ba, aka ce ba za su kwana tare da su ba. Aka ja shingen waya, manya a wancan gefe, yara a wannan.

Makarantar a gindin tsamiya ta fara. Wani Malam Yohanna ne ya ga yaran suna wuni suna kuka a jikin waya, ya roƙi cocinsu a ba shi izini ya tara su. Ba allo ba benci, a ƙasa yake rubuta harafi da tsinke su kwaikwaya. Daga baya kutaren da ke da sauran yatsu suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, suna turowa ta ƙarƙashin waya, yaran suna ɗauka. Da haka aka gina aji biyu. Da labari ya bazu, talakawan ƙauyukan kusa suka fara kawo nasu 'ya'yan, saboda ana ba da kunu da safe, ana kuma ba da riga.

“Kunun nan,” in ji Inna, “ba shi da gardi ko kaɗan. Amma ban taɓa kwana da yunwa a wurin ba.”

Ta ce ran Lahadi kaɗai ake bari su je bakin shinge. Mahaifiyarta takan zo ta tsaya nesa kaɗan, ta ɓoye hannuwanta cikin zane, ta ce, “Juya in ga bayanki. Kin yi ƙiba.” Ba ta sake taɓa jikin uwarta ba har matar ta rasu.

Na ce, “Inna, ashe mugaye ne.”

Ta ce, “Haka na ce a lokacin. Sun raba ni da uwata, kuma su ne suka wanke mata gyambo da hannunsu ranar da 'yan uwanta na jini suka ƙi ko kallonta. Duka biyun sun faru, 'yar nan. Ban taɓa iya cire ɗaya in bar ɗaya ba.”

Ba ta ɓoye cewa ana koya musu waƙoƙin coci ba, ana kuma so su bi addinin. Mahaifinta, da ya yi karatun allo kafin ciwo ya cinye masa yatsu, shi ne yake biya mata Fatiha da ƙananan surori ta cikin shingen. Wata rana Malam Yohanna ya same ta tana salla a bayan aji, a kan tsakuwa. Ta ɗauka korarta za a yi. Ya tsaya har ta sallame, ya tafi, ya dawo da tsohon buhu ya ce, “Ki riƙa shimfiɗa wannan, gwiwarki za ta fashe.” Ita ta fita daga makarantar da addininta. Audu kuwa, da yake ƙarami ne sosai lokacin da suka zo, ya shiga nasu, ya koma Bulus. Da ta yi aure a cikin birni, dangin miji suka ce kada ya tako gidan, kada kuma a sake ambatar inda ta fito.

Karatun nan ne ya kai ta aikin asibiti, inda ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa, da shi ta riƙe 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu. Makarantar kuwa daga baya gwamnati ta karɓe ta, magani ya samu, sansanin ya watse, iska ta yaye kwanon ajin ba wanda ya mayar.

Ta ce da Baba, “Ban ce ka kai ta ba, 'yarka ce. Amma ka san hannun da ya ciyar da kai a ina ya koyi riƙe alƙalami.”

Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ya kwana biyu ba ya haɗa ido da kowa. Sannan wata safiya ya sa babbar riga, ya riƙe hannuna, muka sauka lungun. Da ɗan Sinancinsa na kasuwa ya gaya wa Apo Lam cewa ni Musulma ce, ba na cin namansu, kuma idan lokacin salla ya yi zan tashi. Tsohuwar ta yi ta gyaɗa kai tana cewa, “To, lawban, to,” wato maigida da yarensu. Ta zaunar da ni kusa da wata yarinya mai fasasshen leɓe saboda sanyi, 'yar mai dakon siminti. A ɗakin nan, mai warin kananzir da jiƙaƙƙen takalmi, na koyi lissafi da rubutun Sinanci. Suna addu'arsu kafin a tashi, ni ina zaune hannuna a cinya, ba wanda ya taɓa matsa mini. Bai daɗe ba aka rushe lungun don a yi sabon gini, yaran suka watse, ban sake jin ɗuriyar Apo Lam ba.

Inna ta koma Kano da idonta garau. Mu ma mun koma bayan wasu shekaru, kuma ina budurwa Allah ya yi mata rasuwa. Ranar sadakar uku wani tsoho ya zo, siriri, da 'yar hular saƙa, ya zauna can gefen tabarma inda ake ajiye takalma. Ba wanda ya san shi. Ina leƙe daga zaure na ga Baba ya daɗe yana kallonsa, don fuskar tsohon sak ta Inna. Sai ya miƙe, ya ratsa manyan baƙinsa, ya durƙusa ya kama hannun tsohon da hannu biyu. Ya kawo shi tsakiya ya zaunar, ya ce da murya yadda kowa zai ji, “Jama'a, wannan kawuna ne, Bulus. Ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku yi masa gaisuwa, shi ya fi mu rashi.”

Na daɗe ina ɗauka cewa don ni Inna ta ba da labarin nan, don a bar ni in yi karatu. Sai da na girma na haifi nawa na fahimci akwai abin da ya fi wannan damunta. Ta gaji da zama kamar wadda ba ta da iyaye. A Kano ba ta iya buɗe baki ba, akwai surukai da maƙwabta. Sai da ta zo ƙasar da ba mai jin Hausa a bayan bango sannan ta faɗa wa ɗanta su waye suka haife ta, da waɗanda suka raine ta. Ban san inda kabarin iyayenta yake ba, ita ma ba ta sani ba. Amma 'ya'yana sun san su kutare ne, kuma ni na gaya musu da bakina, da rana tsaka, ƙofa a buɗe.