Na Ba Su Rabin Labari, Suka Bi Ni Daji

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wasiƙun da mutane ke aiko wa wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana tawa za ta shiga layi ba. Ina roƙon ku sakaya sunana, ba don kaina ba, don mahaifiyata da ke raye.

Lokacin da abin ya faru, ni malamin Ingilishi ne a wata kolej a Parakou. Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci, ake ce mini har a ƙofar masallaci. Kakanninmu fataken goro ne da suka zauna a garin tun da daɗewa, amma ni na yi ɗan gidana a unguwar Ganou, ina da mata da 'ya'ya uku. A ɗakinmu ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, mai zurfi, shi ya sa maganata ta fi hankalina nauyi. In na buɗe baki a majalisarmu ta bayan la'asar, har waɗanda suka girme ni sai su yi tsit, ni kuwa na ɗauka tsit ɗin nan shaida ce cewa ina da gaskiya.

Shekarar ta zo da tsanani. Hanyar arewa ta tsaya, kasuwa ta mutu, manyan motoci suka yi layi a gareji har ciyawa ta tsiro ƙarƙashinsu. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, direban kamiyo ne, irin manyan motocin nan na kaya, ƙaƙƙarfa mai yawan dariya, sai ga shi yana wuni a zaune yana kallon hannuwansa. Ana cikin haka na kai ziyara Djougou wurin kawunmu, ya ce mini dattawan wani ƙauye can bayan Partago sun taɓa ba shi daji ya noma, tsufa ya hana shi, in muna so mu je mu taɓa. Tun a mota kan hanyar dawowa na gama gina gari a cikin kaina, har da masallacin Juma'a da layukan itacen akaju, wato kashu.

A littafin da nake koyar da manyan ɗalibai akwai labarin Turawan Ingila na farko da suka tsallaka teku suka je Amurka suka kafa gari. Shi na ɗauko na kai majalisa. Na gaya musu mutane ne 'yan kaɗan cikin jiragen katako, ba su tarar da ko bukka tasu ba, suka sauka bakin wani kogi, suka sare daji, suka kafa shinge, kuma daga wannan ɗan shingen ne babbar ƙasar da kowa ke mafarkin zuwa ta taso. Na ce mu da kakanninmu suka taka da ƙafa har ƙasar goro, me zai gagare mu a dajin da bai fi tafiyar rabin wuni ba? Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma nan laifina ya fara, domin na san sauran labarin. Na san yawancin mutanen nan ba manoma ba ne, zinariya suka je nema. Na san sun zaɓi fadama mai sauro da mugun ruwa. Na san mutanen ƙasar ne suka ciyar da su da masara, su kuma suka saka musu da cin fuska har aka daina ba su, yunwa da cuta suka kwashe mafi yawansu. Duk shekara ina tambayar ɗalibai wannan a jarrabawa. Amma a majalisa na yanke shi na jefar, don kada ya kashe wa mutane jiki.

Mu tara muka shirya, duk maza, da niyyar in wuri ya yi kyau a kwaso iyali. Babu manomi ko ɗaya a cikinmu. Akwai wani tela, abokina tun muna makarantar allo, wanda ya sayar da kekensa na ɗinki don ya shiga tafiyar. Wani ya saki rumfarsa a kasuwa. Ƙanena ya mayar wa mai mota makulli, ya ce shi da tuƙi sai wata rayuwa. Ni kaɗai ban sayar da komai ba, ban bar aikina ba. Na ce musu zan yi hutun ƙarshen shekarar karatu tare da su, daga baya in riƙa zuwa. Kuma saboda ni aka jira har aka gama jarrabawa, muka tashi bayan damina ta riga ta sauka sosai, alhali kawu ya yi ta aiko saƙo cewa mai kafa gida da rani yake zuwa.

Mutanen ƙauyen 'yan ƙabilar Yom ne, amma dattijon da ke riƙe da maganar ƙasa yana jin Dendi, da shi muka yi magana. Ya karɓe mu da kyau, ya sa aka kawo mana ruwa, sannan ya nuna mana wani tudu kusa da gidajensu ya ce mu kafa bukkoki nan, mu sha daga rijiyarsu, mu riƙa tsallaka rafi muna zuwa gona. Ya ce ƙetaren rafin wurin noma ne, ba wurin kwana ba. Na ƙi. Na gaya wa mutanena cewa mun zo kafa garinmu ne, ba zaman raɓe a na wasu ba, kuma addininmu da nasu ba ɗaya ba, gara kowa ya tsaya inda yake. Muka tsallaka, muka sauka a kwari bakin ruwa, inda ƙasa take baƙa mai kyaun gani.

Tun makon farko daji ya fara koya mana karatu. Katangar da muka ɗora da safe, ruwa ya rushe ta da yamma. Babu busasshiyar ciyawar jinka a wannan lokaci, sai muka rufa tamfol a kan sanduna. Buhunan masara da shinkafar da muka zo da su suka sha laima suka yi fumfuna. Hannuwanmu suka farfashe da fartanya. Abin da ya riƙe mu shi ne matan ƙauyen. Suna tsallakowa tsintar 'ya'yan kaɗanya, sai su ajiye mana ɗanyar masara, daga baya sabuwar doya, wani lokaci har da man kaɗe don hannuwanmu. Ba mu jin yarensu, su ma ba su jin namu, sai dariya da nuni.

Sai muka yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Itatuwan kaɗanya da ɗorawa sun cika filin, na ce suna tare wa shuka rana. Muka yi hayar injin yankan itace daga Partago, cikin kwana biyu muka kwantar da su. Washegari matan suka zo da kwandunansu. Ba su yi ihu ba. Wata tsohuwa ta zauna kan kututture ta dafa shi da hannu biyu, ta daɗe a haka, sannan suka juya. Da rana dattijon ya zo, ya ce mini ƙasa aka ba kawunmu ya noma, ba a ba shi itatuwa ba, itatuwan na mata ne tun daga iyayensu, da su suke yin miya da mai da suturar 'ya'yansu. Maimakon in durƙusa in ba da haƙuri, sai na juya harshe zuwa Faransanci, ina yi masa bayanin doka da takarda, don mutanena su ga ba a taka ni ba. Ya saurare ni har na gama, bai fahimci ko kalma ɗaya ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Daga ranar babu wanda ya sake tsallakowa. Ba su yi mana faɗa ba, sun dai bar mu da kanmu.

Yunwa ta shigo, cuta ta biyo ta. Ruwan rafin da muke sha ya zama ja, shanun Fulani na sha a sama da mu. Aka fara gudawa, masassara ta riƙa kayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Telan nan ya same ni a gefe ya ce don Allah mu koma tun muna iya tafiya da ƙafafunmu. Na tara mutane na kunyata shi a gabansu, na ce Turawan da na ba su labari ba su gudu ba. Ƙarya na yi. Na san akwai lokacin da 'yan tsirarun da suka rage suka shiga jirgi suka bar garin, sai da suka gamu da masu kawo musu agaji suka juyo. Tela ya sunkuyar da kai, ya koma ya ɗauki fartanyarsa.

Ƙanena ne ya fi kowa aiki, shi ne kuma cutar ta fi kamawa. Zazzaɓi ya hau shi, cikinsa ya kumbura, ya daina riƙe ko ruwa. Ranar da muka ce gobe za mu fita da shi, aka tsuge da ruwan da bai ɗauke ba sai bayan wuni biyu. Rafin da muke tsallakawa da ƙafa ya zama kogi, yana tafe da itatuwa, har da waɗanda muka sare. Babur ɗinmu ɗaya ne, ba ya da amfani. Waya ba ta samun rezo, wato sabis, sai a kan tudun ƙauyen, tudun da aka ce mu zauna na ƙi. Na tsaya bakin ruwa ina kwarara kira da Dendi, da Hausa, da Faransanci, da duk harshen da na sani. Na hango mata biyu a ƙetare, suka tsaya suka dube ni, suka juya. Na ce a raina shi ke nan, sun rama. Na koma na zauna kusa da ƙanena ina kore masa ƙuda. Ba ni da magani, ba ni da dabara. Ban taɓa sanin mutum zai iya zama da hannu biyu lafiyayyu ya rasa abin yi da su ba sai a kwanakin nan.

A hantsin kwana na uku sai ga dattijon da maza huɗu, jiƙe sharkaf, sun ɓullo ta saman rafi inda akwai duwatsu, sun ɗaura igiya daga itace zuwa itace. Ya ce tun ranar farko matan suka kai labari, tun ranar suke zuwa duba duwatsun, ruwa ne bai ba da hanya ba. Bai ambaci kaɗanya ba. Suka ɗaure ƙanena a kan tsani suka ɗauka a ka, ruwa har ƙirji. Da muka ajiye shi a ƙetare ana jiran babur, hankalinsa ya ɗan dawo, ya kama rigata.

"Yaya," in ji shi, "Turawan nan naka, duk sun rayu?"

Na ce a'a, yawancinsu sun mutu.

Ya ja numfashi da ƙyar, sannan ya ce, "To ai da ka faɗa mana."

Ba da fushi ya faɗa ba. Da fushi ne da ya fi mini sauƙi. A asibitin Partago suka ce abin ya fi ƙarfinsu, mu wuce Djougou. Ya cika a cikin mota, kansa a cinyata, muna hango gidajen farko na garin. Kawu ne ya yi masa sutura, aka rufe shi a can.

Cikin mako guda kowa ya watse. Da aka buɗe makarantu na koma ajina, gidana na nan, aikina na nan, kamar hutu na je. Sauran kuwa suka dawo babu abin da suka tarar. Telan yanzu yana zaman shagon wani yana sa maɓalli, kuma in mun haɗu shi ke fara gaishe ni. Matar ƙanena ta koma gidansu da yara biyu. Da rani na koma ƙauyen na durƙusa gaban dattijon da tsohuwar, na ba da haƙurin da ya kamata in bayar tun farko. Suka ce sun yafe. Tsohuwar ta ƙara da cewa kaɗanya dai ba ta yin 'ya'ya a zamanin wanda ya shuka ta.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, ni ma ina gaya wa kaina. Amma ƙaddara ba ta wanke wanda ya san rami ya yi shiru. Ina kira ga duk wanda Allah ya ba ilimi ko baki, mutane suna bin maganarsa: in za ka kira su zuwa wani abu, ka faɗa musu har da ɓangaren da zai iya sa su ƙi binka, zaɓin nasu ne. Kada ka tura mutum ya ƙone gadarsa kai taka tana tsaye. In ka sauka ƙasar wasu, wanda ka tarar ya fi ka sanin inda ruwa ke bi, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ku kuma masu saurare, in mai ilimi ya ba ku labari mai daɗi, ku tambaye shi: daga nan sai me ya faru?

Mahaifiyata ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗora mini laifi da baki ba. Ina zuwa gaishe ta duk Juma'a, tana amsawa, tana sa mini albarka. Sai dai ranar nan na tarar da takardar maganinta a hannunta, na miƙa hannu in karanta mata yadda ake sha. Ta naɗe ta a hankali ta sa ƙarƙashin filo, ta ce in bar shi, maƙwabciyarta za ta shigo an jima, ita takan karanta mata duka.