Ƙyallen Inna da motar Kawu Sale

A gidanmu na Ƙofar Ran, in an idar da isha, Inna, kakarmu ta wajen uwa, takan tura itace cikin murhu ta ce mu matso, wanda ya yi gyangyaɗi kuma ba za ta maimaita masa ba. Mu tatsuniya muke so. Ita kuwa sau da yawa labarin motar Kawu Sale take so, har mun haddace shi, mun gaji da shi. Kawu, autanta, yakan zauna can gefe yana gyara fitila.

Ga yadda take faɗa, in ban manta ba. Ana jajibirin samun 'yancin kai, Kawu direba ne a wajen wani ɗan kwangila mai jif ta man gas, irin mai ja da ƙafa huɗu. Aka aike shi rugar danginmu ya jawo tirela ɗauke da bijimin da za a yanka wa baƙin biki. Maigidan ya ce in bijimi bai iso kafin azahar ba, Kawu ya ajiye makulli. Inna ta ɗinka ƙyalle kore da fari mai kauri, ta ɗaure shi a gaban motar tun daga fitila zuwa fitila, ta kuma shige kujerar gaba don ta je ta gaisa da 'yan uwa.

Zuwa lafiya lau. A dawowa, da nauyi a baya, suna fara hawan tudu allurar zafi ta tashi, mota ta soma huci.

"Raguwa ce!" in ji Inna, tana buga cinya. "Jakin gidanmu ya fi ta zuciya. Bijimi ɗaya tal, sai tari kamar tsohuwa."

Kawu ya tsaya, ya jira ta huce, ya ƙara ruwa a lagireto. Ya taɓa bel ɗin fanka, da ƙarfinsa. Ya duba baƙin mai, bai ragu ba. Suka tashi, ba su yi nisa ba ta sake tafasa. Ya kwance matatar mai ya wanke, iska ta shiga bututu, ya yi ta famfo da hannu har ta fita. Mutanen ƙauye suka taru, kowa da shawararsa, wasu na yaba adon motar. Bijimi na ta kuka a rana. Sai bayan la'asar suka shigo gari, an riga an sallami baƙi da shinkafa gaya. Ranar Kawu ya ajiye makulli, bai ƙara samun tuƙi mai kyau ba.

"Kai angona, in ka girma kada ka yarda da abin da ba ya cin ciyawa," haka take rufewa, tana nuna ni da muciya. "Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Sai da na yi karatun injiniya abin ya fara damuna. Ba zan rantse ba, tunda ban ga motar ba, kuma mai yiwuwa akwai wata matsalar daban. Amma injin da ke jan kaya a kan tudu iska yake nema ta gaba, kuma gaban nan a rufe yake ruf. Na yi ta juya maganar, haushi na cina, har na je na sami Kawu a rumfarsa ta faci. Lokacin Inna ta riga ta rasu.

"Kawu, ina ganin kamar, wataƙila, ƙyallen nan ne."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Tun tsayawar farko na sani."

"To don me ba ka cire ba, Kawu? Aikinka fa!"

"Da hannunta ta ɗinka, ɗana. Tana zaune a gaba, jama'a na yaba mata. Ni zan kwance shi a idonsu?"

Har yau ban san ko daidai ya yi ba. A ganina da ya naɗe ƙyallen sama kaɗan, da komai ya wuce. Na gaya masa haka, raina a ɓace. Ya miƙo min tayar da ke hannunsa ya ce in riƙe masa nan, gam na bushewa.