Filin da Baba Ya Cire Daga Gado

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya tashi a gidan Fulani ya san abin da hakan ke nufi. Ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce da ɗaya cikin ƙannena a kira masa wancan. In kuma magana ce mai nauyi, ƙanwarsa Goggo ce za ta kawo min ita, ko da yanzu muka tashi daga tabarma ɗaya da shi. Har na yi aure na kama aikin gwamnati, gemuna ya fara furfura, ba abin da ya canja.

A bayan gidanmu na Dawaki akwai wani fili da Baba ya saya tun wurin yana bakin gari, lokacin da ya rage shanunsa ya shigo Gombe da zama. Ba komai a cikinsa sai bishiyoyin tsamiya da tsohuwar rijiya. Danginmu na ruga in sun koro shanu zuwa kasuwa a nan suke yada zango. Matan unguwa a nan suke shanyar masara, yara su buga ƙwallo, in an yi rasuwa a nan ake sallar jana'iza. Da gari ya cika ya batse, kowa ya yanka nasa ya sayar, gine-gine suka kewaye filin, ya zama kamar giɓi a baki.

Akwai wani dillalin filaye da muke sallah masallaci ɗaya. Shi ya fara kirana babban magaji, yana min gaisuwar da ta fi ƙarfin albashina. Wata rana ya kawo wani attajiri mai son gina jerin shaguna, suka zagaya filin da ni a tsakiyarsu, ana ta cewa ai ba yanzu ba, Allah ya ƙara wa tsoho nisan kwana. Ban ce na yarda ba. Cewa na yi bari mu gani. Wannan ita ce cutata tun ina yaro, bakina ba ya iya furta a'a. A ofis ma an san ni, duk aikin da wani ya guda a teburina yake kwana.

Ba a jima ba, wata la'asar bayan an sallame, liman ya roƙi jama'a su ɗan dakata. Baba yana sahun gaba, kansa a sunkuye. Liman ya ce Alhaji ya yi wakafi da filin bayan gidansa, yana cikin hankalinsa da lafiyarsa, an kai maganar gaban alƙali, an kuma sanar da ofishin filaye. Ba za a sayar ba, ba za a raba gado da shi ba, ba za a yi gini ko katanga ba, ba za a sare ko reshe ba. An damƙa shi a hannun amintattu daga cikin unguwa, wato shi liman da mai unguwa da wani tsohon hedimasta. In ɗayansu ya rasu sauran su zaɓi wani. Na kasa kunne ina jiran a ambaci ɗaya daga cikin 'ya'yan mai filin, har aka shafa fatiha ba a ambata ba.

Ba wanda ya juyo ya kalle ni, kuma wannan ya fi kallon ciwo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A gaban unguwa duka mahaifina ya nuna ya fi amincewa da bare a kan ɗansa na fari. Ina neman takalmina wani abokin wasana Babarbare ya dafa kafaɗata, ya ce to babban magaji, sai a gaji tsamiyar sha. Na yi dariyar yaƙe. Daga ranar na koma yin la'asar a masallacin kusa da ofis, dillali kuwa ya koma min gaisuwar da ta dace da albashina.

Da abin ya ishe ni sai na tafi wurin Goggo. Na same ta tana dama fura, na zazzage mata duk abin da ke cikina, cewa an tozarta ni, cewa da an tambaye ni ai da ban sayar ba. Ta bar ni na gama, ba ta ko ajiye ludayin ba.

"Ya ce in ka zo in faɗa maka," in ji ta. "Ya san ba ka da kwaɗayi. Amma ran da babu shi, ƙannenka za su sa ka a gaba, kai kuma ba za ka iya hana su ba. Shi ne ya hana su tun yanzu, don kar a ce kai ka sayar."

Na yi fushi sosai, irin fushin wanda aka faɗa wa gaskiya. Na tashi ko furar ban sha ba.

Baba ya rasu da damina, aka yi masa sallah a ƙarƙashin tsamiyoyinsa. Ba a daɗe da watsewar 'yan zaman makoki ba sai ga ƙanena, wanda yake bi na, uwarmu ɗaya, ya zo da lauya. Wai tsoho ya yi wakafin ne tsufa ta riga ta ci ƙarfinsa, kuma in ɗan fari ya shaida haka a kotu magana ta ƙare. Ba mugun yaro ba ne. Yana da iyali, gidan haya yake, kuma attajirin nan bai fasa ba.

"Hamma, sa hannu kawai za ka yi," ya ce, yana kirana yadda ake kiran yaya a gidan Fulani. "Mu da hakkinmu, shanun wasu na kashi a kai?"

Na san maganar tsufan nan ƙarya ce, domin har ranar da ya kwanta Baba ya san kowace saniyar danginsa da kamanninta. Na buɗe baki in ce a'a. Abin da ya fito shi ne, ai maganar ba a hannuna take ba, mu je wurin amintattu.

Muka je zauren hedimasta. Ya saurari lauya har ƙarshe, sannan ya ce filin ba na Alhaji ba ne yanzu balle na 'ya'yansa, kuma a shirye suke su tsaya gaban kowane alƙali. Lauya ya juyo ya tambaye ni ko zan shaida. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma, kafin in buɗe baki hedimasta ya ce shi ya ji amsata. Da haka maganar ta mutu. Har yau ban san me zan ce ba da bai tare ni ba.

Filin yana nan. Na dawo masallacin unguwa, kuma ta cikin filin hanyata take. In danginmu na ruga sun sauka da shanu, dattawansu sukan tare ni da hannu biyu, su ce Allah ya yi albarka, ɗan Alhaji ya riƙe amanar ubansa. Nakan ce amin, in ƙara sauri.