Hoton da Na Sayar wa Mai Kanwa

Ranar kasuwar Karaye ce, mako guda bayan Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyu na ƙaramar sakandare. Na kafa kara biyu a gefen masu kayan koli, na ɗaura igiya a tsakaninsu, na jera hotunana da fegin shanyar kakata da na ɗauko ba da saninta ba. Kafin rana ta yi zafi mutane sun yi cincirindo a kan hoto guda, ana nunawa da yatsa ana ƙyalƙyala dariya. Ni kuwa ina tsaye da kyamara rataye a wuya ina hura hanci, a zatona gwanintata ake yabawa. Cikin wannan hayaniya na hango Adda Shatu, Bafulatanar da ke kawo mana nono gida, tana tafe da ƙwarya a ka. Taron ya dare mata kamar an umarce shi. Ta dubi hoton sau ɗaya, ta ga kanta a ciki rungume da ɗanta na fari, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta juya. An ce ranar ko ludayi ɗaya na nonon ba ta sayar ba, haka ta koma da shi ruga.

A wani ƙauye na Beli aka haife ni, a gida mai zaure biyu da rumbu uku. Mahaifina shi ke rubuta wa dagaci takardu, saboda haka zaurenmu ba ya rabuwa da masu rikicin iyakar gona da masu neman a karanta musu wasiƙa. Aikina tun da asuba shi ne share wannan zaure da shimfiɗa tabarmi, sannan makarantar allo, sannan ta boko. In na dawo na yar da jaka, sai yankan ciyawar tumaki da ɗebo ruwa a baro, in kuwa kaka ta yi sai yankan dawa da ɗaurin dammuna har fatar hannu ta yi kanta. Abin da ya rage na yamma mu kashe shi a langa da ƙwallon tsumma, ko mu bi masu saran rake muna roƙon guntaye. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. Innata ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son aikena, sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa yayanki ya miƙo mini itace," ko da kuwa ina zaune a gabanta. In na faɗi na fasa gwiwa, ta ɗauke kai, kakata ce za ta taso. Haka kunyar ɗan fari take a wajenmu, kuma ban taɓa jin wanda ya kira ta rashin so ba, sai dai ni a raina, lokaci zuwa lokaci.

Kyamarar ta Kawu Lawan ce, ƙanen innata da ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma a Karaye. Da ya sayi waya mai ɗaukar hoto sai ya miƙo mini ita, ƙarama, murfin batirinta ya karye an ɗaure da robar tayar keke. Shi ya nuna mini yadda masu abin ke yi. Ba ka jira a kira ka. Duk inda aka yi suna ko ɗaurin aure ko aka sauko daga idi, ka kutsa ka yi ta ɗauka, ka kai shagon wankin hoto a Karaye, ranar kasuwa ka shanya a igiya. Mutum ya zo wucewa ya ci karo da fuskarsa cikin sabuwar shadda, ai ba zai iya tafiya ya bar ta a rana ba, dole ya saya. Wanda mai shi bai zo ba kuwa, duk wanda ya yi sha'awa ya ɗauka. Cikin wata biyu na zama abin kwatance a makaranta. Yara suna bina suna "Mai hoto, ɗauke ni," har malamin lissafi da ke zane ni kullum ya soma yi mini fara'a. Kakata kaɗai ce abin bai burge ba. Takan dube ni ta taɓe baki ta ce, "Kai dai da wannan ido naka na uku. Ba duk abin da ido ya gani ake kai wa kasuwa ba." Ni kuwa in yi dariya in ce tsufa ne.

Su Adda Shatu kuwa, duk shekara in an kwashe amfanin gona sai su sauka da shanunsu a gonarmu ta hanyar Jajaye. Shanu su ci karmami su bar mana taki, mu ba su dawa su ba mu nono, zumunci ne tun na kakanni. Ita matar ɗan Arɗo ce, doguwa, mai sanyin magana, tana jin Hausa sarai amma in ta ji kunya sai ta koma Fulatanci. "Ɗan Malam" take ce mini, kuma ba ta taɓa zuwa gidanmu ba ta ɓoyo mini curin man shanu a ganye ba. Ɗanta na fari, Buba, lokacin bai fi shekara biyu ba, yana hannun kakarsa Nenne. In tamu kunyar kunya ce, tasu ta ninka ta. Na sha ganin yaron ya rarrafo ya kama zanenta a gaban mutane, ta zare ƙafa ta ci gaba da burga nono kamar ɗan maƙwabta ne. Mutanen ruga suna yabonta da haka, suna cewa Shatu ta cika fulako.

Wata ranar Juma'a da la'asar sakaliya, kakata ta aike ni ruga in karɓo kindirmo. Maza sun tafi da shanu, bukkoki shiru. Na zaga ta bayan wani tarin karan dawa da aka jingina da tsamiya, sai na ji murya ƙasa-ƙasa kamar waƙa. Na leƙa. Adda Shatu ce zaune a ƙasa, ta ɗora Buba a cinya, ta cusa hancinta a wuyansa tana shinshina, yaron yana ta ƙyaƙyatawa. Ta ɗago shi sama ta kalle shi ido cikin ido, tana cewa, "Buba. Bubana. Buba." Sunan da ba a taɓa jin ya fito daga bakinta ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san abin da nake gani, na kuma san ba don ni aka yi shi ba. Ni ɗan fari ne, ai ba sai an fassara mini ba. Abin da na ji, rabi daɗi ne rabi hassada. Maimakon in ja da baya in yi gyaran murya daga nesa kamar yadda aka koya mini, sai na ɗaga kyamara na danna. Ba ta ji ba. Na lallaɓa na zagayo ta gaba na yi sallama, ta fito ita kaɗai tana gyara ɗankwali, ta cika mini kwano har da gyara.

Mai shagon wankin hoto ne ya ƙarasa ni. Da hoton ya fito ya riƙe shi ya daɗe yana kallo, ya ce a duk tarkacen da nake kawo masa wannan ne kaɗai hoto. Kaina ya kumbura. Na sa shi a tsakiyar igiya, inda kowa zai gani, har abin da na faɗa a farko ya faru. Da a ce lokacin da ta juya na cire shi na cusa a aljihu, da yau ina da ɗan abin da zan kare kaina da shi. Ban cire ba. Ina kallon bayanta tana kutsawa cikin kasuwa, sai ga Malam Modu mai kanwa, wani Babarbare mai barkwanci da ke da rumfa a layin masu gishiri. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, shi kuwa ya samu nama. Ya taya hoton da abin da ban taɓa sayar da hoto ba, na miƙa masa da hannuna. Ya manna shi a ginshiƙin rumfarsa, duk Bafulatanin da ya zo sayen kanwar shanu sai ya daka masa kira, "Kai bawana, zo ka ga fulakon naku a takarda!"

Shi wasa yake yi, amma a ruga abin bai tsaya a wasa ba. Ƙannen mijinta suka sa ta a waƙa, matan ruga in ta doso rijiya sai su rungumi tulu suna shinshinawa. Nenne ta ce tunda abin ya kai kasuwa, yaron ba zai ƙara zuwa ko ƙofar bukkar uwarsa ba. Bayan kwana uku Arɗo da kansa ya zo zaurenmu. Suka gaisa da mahaifina, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da shanu da gajiya, ina durƙushe ina zuba musu ruwa. Da zai tashi ya ce, "Malam, yaron nan naka ya iya aiki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na so a ce mahaifina ya ɗauko dorina, amma bai taɓa ni ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Da ƙwarya ka fasa mata, da na saya mata wata. Wannan fa da me zan gyara?" Na shiga cikin gida, na tarar da innata tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba. Ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa yayanki, kowace uwa tana da inda take ɓuya. Shi ma da an leƙa, da bai samu ko wannan ba." Sai ranar na san ni ma an taɓa kiran sunana a bayan wani tarin kara.

Tsoro da kunya suka sa na yi wauta ta biyu. Na zauna a bayan rumbu na goge hoton daga kyamara, wai don in ya ɓace laifin ma ya ɓace. Kasuwa ta zagayo na je wajen Malam Modu in karɓo na rumfarsa, ya kore ni da dariya ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Kafin damina ya tattara ya koma ƙasarsu, har da hoton. Adda Shatu ba ta ƙara taka gidanmu ba, wata yarinya aka riƙa aikowa da nono. Sau ɗaya na sake ganinta, a bakin rijiya ita kaɗai. Buba ya kuɓuce wa kakarsa ya sheƙo da gudu ya rungume ƙafarta. Ba kowa a wajen sai ni daga nesa, amma ta waiga dama ta waiga hagu, ta dubi bayan bishiya, sannan ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta tafi ta bar shi yana kuka. Da kaka ta zagayo ba su sauka a gonarmu ba. Ni ma na mayar wa Kawu Lawan kayarsa na ce ta lalace.

Bara na je gida yin Sallah daga Kano, inda nake koyarwa yanzu. Ina zaune a zauren da na sha sharewa, sai wani dogon saurayi ya tsayar da babur ya yi sallama, ya durƙusa muka gaisa. Ya ce shi ne Buba jikan Arɗo, kuma Allah ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa damina biyu da suka wuce. Na yi masa ta'aziyya. Ya daɗe yana zane a ƙasa da ɗan tsinke kafin ya ce, "Yaya, tun ina yaro ake tsokanata da wani hoto. Ni ban taɓa ganin ta dube ni ba har ta koma ga Allah. Ko a waya ne, a taimaka in gani." Na ce masa babu, na gaya masa yadda na yi da shi, ban rage komai ba. Sannan na kwatanta masa tsamiyar, da tarin karan, da yadda ta ɗaga shi sama. Ya ce, "Ta faɗi sunana?" Na ce ta faɗa, har sau uku. Ya sunkuyar da kai, ya yi mini godiya, ya hau babur ɗinsa. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu zamani ya juya. Matata tana ɗora hoton ɗanmu na fari a fuskar wayarta, tana kwala masa kira da sunansa daga tsakar gida har titi, ba mai ko waigowa. Hotuna sun yi yawa har ba a wanke su, balle a shanya a igiya a jira mai saye. Wani lokacin in na ga haka sai in yi kewar mutanen da, masu ɓoye ƙauna kamar yadda ake ɓoye iri a rumbu, in kuma tuna cewa ɗan wurin ɓuyar da Adda Shatu take da shi ni na tone shi. Innata tana nan da ranta, har yau ba ta kama sunana, ni kuma ban ƙara jin haushin haka ba. Hoto ɗaya tak na taɓa ɗauka mai kyau, wanda ya fi kowa buƙatarsa kuma bai gan shi ba.