Tanna, Surukar Mijinta

Duk wanda ya tashi a Matamaye a wancan zamani ya san Tanna mai daddawa, in bai san fuskarta ba to ya san muryarta. Gajeruwar mace ce mai wushirya, wadda in ta tsawata wa akuya a tsakar gida sai mutanen kasuwa su waiwayo. Mijinta Attaher haƙar rijiya ce sana'arsa, mutum ne shiru-shiru. Shekara ashirin da shida suna tare, sun aurar da 'ya'ya mata biyu, ɗaya a Yauri ɗaya a Kance. Ita ke faɗa shi ke dariya, ran da ta wuni ba ta yi mita ba sai ya tambaye ta ko zazzaɓi ne.

Shekara guda bayan Nasara sun ɗauke fadar mulkinsu daga Damagaram zuwa Yamai, Kwamanda ya sa a haƙa rijiya a bakin hanyar Tsauni. Attaher yana can ƙasa, gaba goma sha biyu, igiya ta tsinke, kwandon marmara ya sauko masa a tsakar ka. Aka fito da shi yana numfashi, amma ko yatsa ba ya motsawa. Wanzami ya yi ƙaho, malam ya yi rubutu aka ɗura masa, shiru kake ji. Ran na uku gardi, wato dogarin Kwamanda, ya iso da umarni: tunda a aikin Kwamanda ya ji ciwo, a kai shi likitar Nasara, wato asibitinsu, a Damagaram. Tanna ba ta so ba ko kaɗan, don ta sha jin cewa a can yanka mutum ake yi yana da rai, sai dai ba wanda ya nemi shawararta.

Maza huɗu suka ɗauke shi a gadon kara. Duk ƙauyen da suka ratsa sai mutane su miƙe suna salati, suna zaton gawa ce, ita kuma tana biye da tukunya a ka tana daka musu tsawa: "Bai mutu ba! Ku riƙe salatinku!" Haka ta yi kwana huɗu har muryarta ta dushe.

A likita, lokotoro Bature ya aske kan, ya ɗinke, ya naɗe da farin ƙyalle. Mai taimakonsa wani tsohon soja ne, Lawwali, shi ne tafinta, shi ne kuma mai wanke gyambo. Ya nuna wa Tanna gindin tsamiya inda masu jinya ke kafa murhu, ya ce a nan kowa danginsa ke ciyar da shi. Ta riƙa dama kunu mai ruwa-ruwa tana ɗiga wa mijinta a baki da ludayi. Kwana tara tana haka. Ran na goma da hantsi ya buɗe ido, ya dube ta.

Ta saki ludayin. "Alhamdu lillahi! Maigida, ka tashi?"

Sai ya kau da kai da sauri, ya ja mayafi ya rufe ƙirjinsa, ya shiga kokawar sauka daga gado zai durƙusa. "Iya," ya ce, idonsa a ƙasa, "barka da zuwa. An zo lafiya? Yaya mutanen gida?"

Tanna ta waiwaya, ba kowa a bayanta sai bango.

"Wace Iya? Ni ce fa."

"Na gode, Iya, Allah ya ƙara girma. Ina Tanna ta shiga ta bar ki da wahala?"

Ta ɗauka magagin ciwo ne, zai wuce. Ta miƙa masa kunu, ya runtse baki. Da la'asar ta kawo fura, ya juya wa bango fuska. Washegari ma haka. Kowa ya sani, ɗan mutunci ba ya cin abinci gaban surukarsa, ba ya haɗa ido da ita, balle ta riƙe masa ludayi. Mahaifiyar Tanna kuwa, mai suna Shekara, ta yi shekara goma sha ɗaya a kabari, Attaher da kansa yana cikin waɗanda suka kai ta.

Kan Tanna ya ɗaure tamau. Ta ce ko aljanin rijiyar ne ya biyo shi. Ta ce ko marigayiyar ce ke tsaye a bayanta, shi yana gani ita ba ta gani, har ta fara tsoron juyawa. Ta tuna zanen saƙin da ke jikinta gadon Shekara ne, ta je ta musanya da na wata mai jinya, ta sa kwalli, ta dawo tana rangwaɗa kamar amarya. Attaher ya gaishe ta da ladabi ya ce, "Iya, yau ko akwai biki?" Ta fita ta zauna gindin tsamiya, ta rasa ko kuka za ta yi ko dariya.

Lokotoro ya zo, ya tambaye shi shekarunsa, Attaher ya ce ashirin da uku, bara ya yi aure. Baturen ya yi dogon bayani, Lawwali ya taƙaita mata: "Ya ce kan mutum kamar rumbu ne. Na sama ya zube, na ƙasa na nan. Mijinki amarya yake nema." Sai ya ƙare mata kallo. "Kin yi kama da mahaifiyarki?"

"Har wushiryar," in ji Tanna, a sanyaye.

"To, shi ke nan."

"Shi ke nan me? Zai dawo daidai?"

Lawwali ya tambaya, Baturen ya ɗaga kafaɗa. Abu ɗaya ya ce ya tabbata: mai irin wannan rauni in ya ƙara kwana uku bai ci ba, sai dai a nemi likkafani. Lawwali ya gwada ba shi kunun da kansa bayan Tanna ta fita, Attaher ya ce shi ba ya cin tuwon barikin Nasara, sai matarsa ta zo, ita ta san hannunsa.

Ran na uku da wannan hali, Tanna ta ajiye ƙwaryar kunu a gefen gado ta fice a fusace. Ta zagaya bayan ɗakin, ta tsaya ƙarƙashin taga, baƙin ciki ya ƙume ta, bakin nan nata ya ɓalle.

"Kai dai ka cika taurin kai! Na baro daddawata a tukunya tana ruɓewa, na taka ƙasa kwana huɗu, ƙafata duk faso, sai ka zo ka mutu da yunwa a garin mutane? Mutu mana! In ka mutu wa ka yi wa?"

"Tanna?"

Muryar Attaher ce daga cikin ɗakin.

"Tanna, ke ce? Ina kika shiga tun shekaranjiya?"

Da gudu ta zagayo, har tana tuntuɓe da bakin ƙofa. Yana ganinta ya ja mayafi. "Iya, sannu. Yanzun nan na ji 'yar taki a waje." Ta koma bayan taga ta kira shi, ya amsa da murna. Ta sake shigowa, ya sunkuyar da kai. Sau uku tana wannan safa da marwa, sauran marasa lafiya na binta da ido, har wani mai karaya ya tambayi Lawwali ko matar ce aka kawo jinya.

A karo na huɗu ba ta shigo ba. Ta jingina da bango ta ce, "Ga kunu nan kusa da kai. Shanye."

"Da tsamiya kika dama?"

"Da guba na dama. Shanye, na ce."

Ta ji dariyarsa, sannan ta ji ƙarar ludayi a ƙwarya. Nan ta sulale ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar rijiya, hannunta toshe da baki don kada ya ji.

Wata biyu suka yi a Damagaram. Da safe ta shiga a matsayin Iya, ta share, ta kwashe wanki, su gaisa ido a ƙasa. Da rana ta koma bayan taga ta zama Tanna, ta yi ta mita har ya cinye. Ƙafarsa ta hagu ba ta koma daidai ba, amma ya taka da sanda, aka sallame su.

A Matamaye ta kafa zana a tsakar gida, shi a can ita a nan. Rijiya kam bai ƙara shiga ba, igiya yake tufkawa a inuwa. Maƙwabta suka yi surutunsu suka gaji. 'Ya'yansa in sun zo yakan karɓe su da fara'a kamar baƙi. Ita kanta Tanna wani lokaci sai ta tsaya da akushi a hannu ta rasa da wace murya za ta yi sallama. Shekara shida suka yi a haka kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya bai kwana da yunwa ba.

A damunarsa ta ƙarshe, wata rana da azahar, ta turo masa tuwo ta ƙarƙashin zana. Ya daɗe bai taɓa ba. Can ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Tanna."

"Mene ne kuma?"

"Kada ki ji haushi. Iya mutuniyar kirki ce, wallahi ba ta taɓa ɓata mini ba, ba korarta nake ba. Amma ta daɗe a gidan nan. Yaushe za ta koma gida ne, in samu in ga fuskarki?"

Tanna ta dafa zanar. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa.

"Sai an gama girbi," ta ce. "Ci tuwonka kafin ya huce."