Rana a Cikin Ƙwarya

Jiya rediyo ya ce za a yi husufin rana a wata ƙasa, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, a Gangara.

Shekarar da aka yi husufi a Damargu, mu yara mun cika ƙwarya da ruwa muna leƙen rana a ciki, mun ɗauka ruwa yana kashe kaifinta. Ya zo ya shure ƙwaryar.

"Kai, idon naka nawa ne?"

Na ce biyu.

"To, ba a sayar da na uku a kasuwar Tanut. Wata ne ya shiga tsakaninmu da rana, zai wuce."

Ya cire malfarsa ya riƙe ta a sama. Hasken da ya bi ta ramukan saƙar ya zubo kan rairayi kamar ƙananan jinjirin wata. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. Kowa ya koma kallon ƙasa.

Ni da ya juya baya, na ɗaga kai. Har yau akwai baƙin ɗigo a idona na hagu, kuma kawu bai taɓa yi mini gori ba. Allah ya haskaka kabarinsa.