Maɓallin da Bai San Mai Shi Ba

A shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, na baro karatun kwamfuta a Lome na dawo Sokode. Kullum manyan motoci na sauke masu gudun harbi daga Lome, dangi na yawon cigiya. Wani ƙaramin ofishin agaji a bayan kasuwa yana da kwamfuta guda, sai na rubuta musu tsari: kowane suna da maɓallinsa, in an danna, ya nuna garin da mutumin ya sauka. Ina son kallon sunayen a jere, kamar fitilun bakin hanya.

Ranar da muka fara aiki da shi, wata dattijuwa mai tuyar wagashi, wato cukun nonon shanu, ta shigo, mayafinta na ƙamshin hayaƙi. Ɗanta mahauci ne a Lome, wata biyu ba labari.

"'Yata, an ce akwatin nan naki ba ya ƙarya."

Na danna sunansa, sai ga wani gari can arewa, gaba da Sokode. Dapaong.

Ta rangaɗa guɗa. "Ja'iri! Ya wuce ƙofar uwarsa ko ruwa bai tsaya sha ba? Zai gamu da ni!"

Kafin azahar ta hau motar Dapaong.

Washegari na danna wani suna: Dapaong. Wani kuma: Dapaong. Na buɗe tsarin na duba.

Da na ɗaura wa kowane maɓalli aikinsa, ban damƙa masa mutumin da yake nasa ba. Na bar shi ya leƙa waje, ya ɗauko daga ma'ajiyar da duka maɓallan ke tarayya a kai. Amma maɓalli ba ya aiki sa'ad da aka rubuta shi, sai sa'ad da aka danna, kuma a lokacin ma'ajiyar na riƙe da wanda aka shigar ƙarshe, wani direba da ya sauka Dapaong. Wajen gwaji, sunan direban kawai na danna.

Layi ɗaya na gyara. Na sake danna sunan ɗanta, allon ya fito wayam. Yana cikin waɗanda ake nema, ba waɗanda suka iso ba.

Na bi ta Dapaong. A tasha na same ta, da ƙullin wagashi a cinya, tana duban fuskar duk mai saukowa daga mota.

Na durƙusa. "Inna, kuskurena ne. Ba mu san inda yake ba."

Ta juyo gare ni. "To yanzu me akwatin ya ce?"

"Bai ce komai ba."

Ta kwance ƙullin, ta gutsuro, ta miƙo mini. "Ci, kafin ya lalace."

Na ci, muka hau motar Sokode tare.